Baƙunci Bashi Ne

Bahaushe yana da ƙa'idojin rabuwa kamar yadda yake da na haɗuwa. Baƙo ba ya saɓa jaka ya kama hanya haka siddan. Sai ya yi sallama tun da sauran kwana ɗaya ko biyu, mai masauki ya ce ai ba a yi haka ba, a ƙara ko da kwana guda ne. Sa'annan a haɗa masa guzuri, a taka masa har bakin zaure, wani lokaci har tasha, a ba shi saƙon gaisuwa ga mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. In ya isa kuma ya aiko cewa ya sauka lafiya, ya haɗa da ban gajiya. Duk wannan hidima sanarwa ce cewa akwai sauran magana a tsakani, domin wanda ya kwana a ɗakinka ya ci tuwonka, ran da ka bi ta garinsu ɗakinsa naka ne. An ce baƙo raɓa ne, kuma gaskiya ne, amma raɓar nan in ta tashi takan bar bashi a wuyan wani. A kan wannan bashi muke so mu yi wa 'yan'uwa marubuta bayani, ta hanyar ba da labarin yadda wata tafiya da muka yi ta ƙare.

Tafiyar ta musayar ma'aikata ce, irin wadda ƙungiyar Rotary ta ƙirƙiro a 1965. Ita wannan ƙungiya an kafa ta ne a Chicago ta Amurka a 1905, kuma reshenta na farko a Nijeriya a nan Kano aka buɗe shi a 1961. Tsarin shirin mai sauƙi ne. Yanki biyu na ƙasashe daban-daban sukan yi yarjejeniya, kowanne ya zaɓi matasa huɗu ko fiye masu sana'a, 'yan shekara 25 zuwa 40, waɗanda ba 'yan ƙungiyar ba, a haɗa su da jagora ɗan ƙungiya, a tura su wajen ɗaya yankin na tsawon mako huɗu zuwa shida. Ba a sauke su a otal. A gidajen mutane suke kwana, da rana kuma a kai kowa wajen masu irin sana'arsa ya ga yadda suke yi. In sun dawo, su ma na can su turo nasu. An ci gaba da haka har 2013, lokacin da aka sauya shirin da wani tsari dabam. Tamu tafiyar tana cikin na shekarun ƙarshe-ƙarshe.

Mu biyar ne. Jagoranmu wani dattijo ne ɗan kasuwa wanda muke kira Alhaji, sai mu huɗu da duk aka haifa a cikin ganuwa: baduku ɗan baduku daga wajen Ƙofar Wambai, malamin makarantar sakandare, ma'aikaciyar jinya, da ma'aikacin maɗaba'a mai ɗan taɓa rubuce-rubuce. Aka tura mu gundumar Northampton ta Ingila, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Landan. Garin na masu fata ne. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗinkin takalma, akwai kamfanin da yake aikin tun 1829, gidan tarihinsu cike yake da takalma dubbai na zamani daban-daban, kai har ƙungiyar ƙwallon ƙafarsu laƙabinta masu ɗinkin takalma. Mako biyar muka yi, kowane mako a sauya mana masauki, sai dai makon ƙarshe aka mayar da kowa gidan da ya fara sauka.

Wanda ya sauka a otal ya ga gari, amma bai ga mutane ba. Mu kuwa mun ga mutane, har da abin da ba su yi niyyar nuna mana ba. Mun ga tsohuwa 'yar shekara tamanin tana zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki huɗu, 'ya'yanta sai waya ranar Lahadi. Mun ga magidanci yana wanke kwanuka matarsa tana karanta jarida, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Mun ga yadda in an ce ƙarfe bakwai, to, bakwai ɗin ce, ba a ƙara mata ko minti biyar. Su ma sun ga namu. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, Isha'i sai wajen sha ɗaya, Asuba kuma tun kafin ƙarfe uku, saboda haka sun saba da jin motsin buta a banɗaki cikin dare. Wata uwar masaukinmu ta sayo sabuwar tukunya musamman don kada a dafa mana abinci a wadda aka taɓa dafa naman alade, ta kuma gano shagon wani Bafakistane mai sayar da naman yanka. Wani maigidan ya kai karensa gidan ƙanwarsa har tsawon mako guda, alhali karen nan a gadonsa yake kwana. Sun nace mu riƙa kiran su da sunansu kai tsaye, bakinmu ya ƙi. Ina za mu iya kiran sunan mai furfura gatsal? Muka ce Baba, muka ce Mama. Da farko abin ya ba su dariya, daga baya in an kira su da sunan yanka a gabanmu sai su ce a'a, a wajen waɗannan Baba ne.

Cikin dukkan wuraren sana'a da aka kai mu, wanda ya fi tsaya mana a rai wata 'yar majema ce a wani ƙaramin gari na gundumar, inda ake gyara fatar da ake yi wa littattafai bango. Mai wurin ya jawo wata fata ya shimfiɗa a kan tebur yana yabon ƙwarinta da kyan idonta. Badukunmu bai ce komai ba, ya ɗauka ya shinshina, ya murza gefenta da yatsa, ya dubi Alhaji ya ce, "Alhaji, wannan ai jimar bagaruwa ce. Akuyarmu ce." Haka kuwa abin yake. Fatar jar akuyar nan ce ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema suke jemewa da bagaruwa, a da kuma a rina ta ja da karan dafi. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma yana kwasarta daga Kano ya ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta tsallaka teku, Turawa suka raɗa mata suna fatar Maroko, domin ta hannun mutanen can suka san ta. Masu yin bangon littafi na Ingila sun daɗe da sanin asalinta, har sukan jingina ta ga sunan kogin Neja, amma mai sayen littafin ba ruwansa da wannan. Ya ga bango mai kyau, ya ce na Maroko ne, shi ke nan. Makiyayin da ya kiwata akuyar da majemin da hannunsa ya yi kanta a cikin ƙwarya, babu sunansu a ko'ina.

Ranar nan a mota ba mu yi hira sosai ba. Sai da muka kusa gida malamin makarantarmu ya ce, kayan da ya bar gida ba tare da mai ba da labarinsa ba, sunan wanda ya tarar a hanya yake ɗauka. Wannan magana ta bi mu har ƙarshen tafiya.

Makon ƙarshe ya zo da hidimarsa. Aka shirya liyafar ban kwana, muka saka manyan kaya, maza babbar riga da hula, malamar jinya ta ɗaura atamfa da mayafi. Kowa ya yi jawabi, aka nuna hotuna, aka yi musayar 'yan tutocin ƙungiya. Mun riga mun raba tsarabarmu tun zuwa, irin su titimi na fata da mafici da yadin da aka rina a Ƙofar Mata, to sai ga shi a ranar rabuwa su ma sun fito da nasu: littattafai, shayi, hotunan da aka saka a firam, da wata wuƙar yankan fata da wani tsohon mai ɗinkin takalma ya ba badukunmu, ya ce ta mahaifinsa ce, kuma 'ya'yansa ba wanda ya gaji sana'ar. Mun zo da zaton Bature ba ya kuka a gaban mutane. A bakin ƙofa Mama ta rungume malamar jinya tana hawaye kamar mai kai 'ya ɗakin miji, Baba kuma ya tsaya yana ta goge tabarau wanda ba abin da ya same shi. Mu da muka taso cikin kunya da kawaici sai muka rasa inda za mu sa idonmu.

A wajen wannan liyafa ne aka yi mana tambayar da ta hana mu barci. Tawagarsu za ta zo Nijeriya bayan 'yan watanni, kuma Kano tana cikin garuruwan da za su zauna. Ɗaya daga cikin waɗanda aka zaɓa, wata matashiya malamar makarantar firamare, ta matso wajenmu da fara'arta ta ce, tun da mun ga ɗakin kwananta da madafarta, ita ma ta ƙosa ta ga namu. A gidan wa za ta sauka a cikinmu? Muka yi murmushi irin na wanda aka ritsa, Alhaji ya ce in Allah ya kawo su lafiya za a shirya.

Daren nan muka taru a falon gidan da Alhaji ya sauka, akwatunanmu a ɗaure, muka yi ta tufka da warwara har kusan asuba. Wani ya ce abin da aka saba shi ne a sauke irin waɗannan baƙi a Nasarawa ko Bompai, a gidajen masu hali inda akwai janareta da ruwan famfo da banɗaki na zama, da rana a zagaya da su Kurmi da Dala da Gidan Makama, kafin magariba a fitar da su. Wani ya kawo maganar lungunanmu da mota ba ta shiga, da kwata, da sauro, da ɗauke wuta. Malamar jinya ta ce ita ba wannan ne damuwarta ba, bakin mutane take ji: me maƙwabta za su ce in sun ga Baturiya tana kwana a gidan malamai? Duk waɗannan dalilai ne na gaske, ba wanda ya ƙirƙiro su. Amma baduku ya yi tambaya ɗaya wadda ba mu sami amsarta ba. Ya ce, mutumin da ya kori karensa daga gida saboda kai, ya nuna maka har kwandon wankinsa, in ya zo garinku ka kai shi gidan wani a bayan gari, ka biya shi ke nan ko ka cuce shi?

Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sa'annan ya ce mu tuna wane gari muka fito. Kano da baƙi ta ginu. Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, aka karɓe su, zuriyarsu na nan cikin birni. Shehu Magili ya sauka wajen Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, unguwar Sharifai tana tuna mana da wannan zuwa. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna har aka sami unguwar Dandalin Turawa, lokacin da kalmar Turawa take nufin su. Saukar baƙi ma sana'a ce sukutum a garin nan: fatoma yakan ba fatake ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu in rigima ta taso. Kai, har Nasara an sauke a cikin ganuwa. Clapperton ya shigo Kano a 1824, Barth ya zo a 1851, dukkansu a cikin birni aka ba su masauki, kuma abin da suka rubuta a kan kasuwar Kurmi da rini da takalman Kano ya zaga duniya. Sai bayan da Turawan mulki suka ci garin a 1903 ne aka shata iyaka: su suka koma Nasarawa da Bompai, aka yanka wa baƙin kudu Sabon Gari, birni ya zama wurin da baƙo yake leƙowa da rana ya fita. Alhaji ya ce, wannan al'adar kai baƙo bayan gari da muke ɗauka ta iyaye da kakanni, ba ta daɗe haka ba. Muka tashi a kan cewa kowa zai je ya gwada shawo kan mutanen gidansu.

Jirgi ya sauke mu a filin Malam Aminu Kano da hantsi, zafin garin ya tare mu tun daga matakala. Muka shigo birni ta Ƙofar Mazugal, kowa aka kai shi lungunsu, yara suna ihun oyoyo. Kwana uku ana sintirin 'yan sannu da zuwa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: yaya sanyi, me kuke ci, nawa aka ba ku, me ya sa ba ku zauna can ba. Ba wanda ya tambayi abin da muka koyo, mu ma ba mu san ta inda za mu faro ba. Abin da muka lura shi ne idonmu ya sauya. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa tun ƙarni na 12, wadda muka saba wucewa ba ma ko kallonta, sai muka ga yadda ake yankar ta ana kafa shaguna, ana ɗibar ƙasarta ana yin tubali. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, muka tarar ramuka da yawa sun cika da shara, 'yan tsirarun dattawa ne suke tsoma zane a baba. Mun fito daga garin da aka ajiye tsofaffin takalma cikin gilashi ana karɓar baƙi don kallonsu, mun dawo tsohon garinmu, yana zubar da nasa a juji. Wannan ya ƙara mana nauyin tambayar da muka taho da ita, domin mun gane cewa kunyar da muke ji ta nuna gidajenmu da sakacin da ake yi da ganuwa uwarsu ɗaya: raina abin hannu.

Shawo kan gida bai zo da sauƙi ba. A gidan malamar jinya, yayanta ya ce sam, ba za a mayar da gidan ubansu wurin kallo ba. Magana ta kai gaban kakarsu, tsohuwa mai shekara kusan casa'in wadda ta yi zaman Makka shekara biyu a ƙuruciyarta. Ta saurari kowa, sa'annan ta tambayi jikarta, "Ke, da kika je can, a ina kika kwana?" Ta ce, "A ɗakin 'yarsu, Hajiya." Ta ce, "Sun hana ki salla?" Ta ce, "A'a, Hajiya, har dardumar ma su suka saya." Tsohuwa ta juya ga yayan ta ce, "To kai, ɗan nan, so kake a ce jikata ta ci bashi ta gudu? A kawo ta ɗakina." Magana ta mutu a nan. A gidan baduku kuwa mahaifinsa cewa ya yi a fara sanar da mai unguwa, don kada a ga baƙon ido a yi zaton wani abu. Mai unguwa ya ce ba laifi, sharaɗinsa biyu ne: namiji ya tsaya a shagon samari da ke jikin zaure, kada ya zarce cikin gida sai da iso, mace kuma ta yi shigar da matan unguwa ke yi. Aka share shago, aka yi masa farar ƙasa, aka ɗaura gidan sauro, aka sayo randa sabuwa. Biyu daga cikinmu ba su sami yardar gida ba, baƙinsu suka sauka a bayan gari, amma kullum a cikin birni suke cin tuwon dare.

Kwana shida suka yi a hannunmu. Ba za mu ce komai ya tafi sumul ba. Wuta ta ɗauke a dare na biyu, zafi ya kori kowa tsakar gida. Ɗaya ya yi fama da ciki kwana guda saboda yajin tsire. Yara sun bi su a lungu suna kiran Bature, har sai da dattawan zaure suka tsawatar. Amma malamar firamaren nan ta koyi tuƙa tuwo, an yi mata lalle, ta zauna a gefen tabarma tana kallon 'yan makarantar allo da asuba, ta ce ba ta taɓa ganin yara arba'in suna karatu kowa da darasinsa a gaban malami ɗaya ba. Wanda ya sauka a gidan baduku, ma'aikacin wani kamfanin takalma ne, aka kai shi majema ya ga yadda ake jiƙa fata, a tuje gashi, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a shanya, a murza. Ya ce shekara goma yana yanka fata bai taɓa ganin hannun da ya jeme ta ba. Ya roƙi a rubuta masa sunayen kayan aikin da Hausa, ya tafi da takardar a aljihun gaba. Ranar tafiyarsu tsohuwar nan ta sa aka yi dambun nama da alkaki, ta ƙulle a leda, ta taka da sandarta har bakin zaure, abin da ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. Ta ce da baƙuwar, "Ki gaida uwarki, 'yar nan. Ki ce mun gode da riƙon da ta yi wa tamu." A ranar ne muka ji tafiyarmu ta Ingila ta ƙare, wata biyar bayan saukarmu daga jirgi.

To, 'yan'uwa marubuta, ga inda maganar ta shafe ku. Shekaru sun shuɗe. Wasiƙu sun yi ta raguwa har suka koma gaisuwar shekara-shekara. Baba na Northampton ya rasu, 'yarsa ce ta aiko mana. Tsohuwar da ta yanke hukunci ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Shirin kansa an rufe shi. Rahoton da muka rubuta da Turanci muka miƙa, shafi goma sha biyu, yana cikin wani fayil da ba mai buɗewa. Abin da ya rage a hannu shi ne ɗan littafin da ma'aikacin maɗaba'armu yake cikawa kowane dare kafin ya kwanta, da Hausa, kuma daga cikinsa muka tsamo wannan bayani. Kowace shekara 'yan Kano ɗaruruwa suna fita kwas da taro da karatu da fatauci, daga Alƙahira zuwa Dubai zuwa Sin, su dawo da akwatuna da hotuna a waya. Nawa ne suka dawo da shafi goma da Hausa?

Alhali muna da magabata a wannan fage. Dorugu, yaron da ya bi Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da bakinsa, Schön ya rubuta, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a nan Kano a 1912. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan ba su jira wani ya zo ya ba da labarinsu ba. Da Barth kaɗai ya rubuta, da Dorugu ya tsaya a matsayin yaron Bature mai ɗaukar kaya. Da ya yi magana da harshensa sai ya zama mai kallo, Turawa suka zama abin kallo. Labari ma fata ne. In ka bar shi ya fita ɗanye, wani zai jeme shi ya buga masa sunansa.

Ga mai sha'awar gwada irin wannan rubutu, shawararmu kaɗan ce. Ka rubuta a daren da abin ya faru, domin bayan mako guda mamaki yakan dushe, abin da ya girgiza ka ya zama ba komai. Ka rubuta ƙananan abubuwa, irin su tukunya da kare da tabarau, don su ne suke riƙe mutum a takarda. Dogayen gine-gine kowa ya gan su a talabijin. Kada ka mayar da masu masaukinka mala'iku don su farare ne, kada kuma ka mayar da su abin ba'a don a yaba maka kishin gida. Ka faɗi kaɗaicin tsohuwarsu, ka faɗi cika alƙawarinsu. Ka sakaya sunan wanda ya buɗe maka gidansa, domin amana ya ba ka. Sa'annan kada ka ajiye alƙalami a filin jirgi. Yawancin labaran tafiya a nan suke tsayawa, matafiyi ya sauka, ya gode wa Allah, ya rufe littafi, alhali rabin labarin yana gaba: yadda gida ya koma a idonka, abin da ka yi da abin da ka gani, da yadda ka karɓi baƙo ran da layi ya zo kanka.

Bashin baƙunci kashi biyu ne. Na farko ana biyansa da ɗaki da tuwo da rakiya, wannan mun biya gwargwadon hali, da taimakon dattawan da suka fi mu sanin mutuncin gidajensu. Na biyu na mutanen gida ne, waɗanda ba su je ba, amma da sunansu aka karɓe mu: majemi da marini da malamin allo da matan cikin gida. Su hakkinsu a kanmu shi ne mu gaya musu, da harshen da suke ji, cewa abin da ke hannunsu yana da daraja a inda ba su taɓa zato ba, mu kuma rubuta sunan sana'arsu da na unguwarsu kafin ragowar ganuwa ta zube. Wannan kashi sai da alƙalami ake biyansa, kuma ga shi mun fara rage namu. Shafukan mujallar nan a buɗe suke ga duk ɗan ƙungiya da ya taɓa kwana a ɗakin wani a wata ƙasa, ko da Maraɗi ce ko Kumasi. Allah ya ba mu ikon sauke nauyi.